Shekarar da Kifin Dokta Ya Dahu

Bashiru, Rahina da Nafisa, wannan babin shi ne wanda na fi jinkirta rubutawa. Na ɗauki alkawarin rufe baki a kansa muddin Mma, kakarku, tana numfashi. Yanzu an yi addu'ar arba'in ɗinta. Na tambayi malami ko alkawarin yana nan a wuyana, ya ce ya sauka. Na sake tambayar wani malamin, don kun san halina, shi ma haka ya ce.

Kai ka sa na ɗauki biro, Bashiru. Ka dawo daga shagon ƙanena Mumuni, inda kake aikin kifin ado, muna cin tuwo kana ba mu labarin dokar da shi Baba Ƙaramin naku ya kafa wa ma'aikatansa a kan hita, abin ɗumama ruwan kifi. Ka bayyana mini ita dalla-dalla, kamar yadda ake koya wa baƙo hanyar kasuwa. Sannan ka ce:

"Baba, da a zamaninku kun san wannan dabarar, da kifin Dokta bai mutu ba."

Na san ba da raini ka faɗa ba. Abin da kuka taso kuna ji a unguwarmu Moshi Zango, nan Kumasi, ke nan, cewa ubanku ya dafa kifin mutane saboda jahilci. Na mayar da lomar da ke hannuna cikin kwano, na tashi na wanke hannu. Dokar nan tawa ce. Ga yadda aka yi.

A aji shida na firamare na tsaya, shekarar da mahaifinmu ya rasu, Mumuni yana goye a bayan Mma. Na samu aikin wanke tankunan gilas a wajen wani ɗan Labanan mai sayar da kifin ado a cikin gari. A hannunsa na koyi sauya ruwa, da ciyar da kifi, da gane kifin da ba shi da lafiya tun daga yadda yake riƙe wutsiyarsa. Da ya tsufa ya koma ƙasarsu, gidajen da muke yi wa aiki suka zauna a hannuna. Da wannan aikin na riƙe Mma, na auri mamanku Adiza, na kai Mumuni har makarantar koyon aikin lantarki. Mutane suna yi mini dariya don nakan fita daga gida in dawo in duba famfo, in sake fita in dawo in duba filogi. Ban musa ba. Amma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kirana an ce tanki ya mutu a hannuna ba.

A cikin gidajen, wanda na fi tsoro kuma na fi so shi ne gidan Dokta, wani likita Batone, ɗan asalin garin nan mai yaren Tuwi, da ke zaune bayan unguwar Bantama. Matarsa, wadda muke kira Madam, ita ce mai kifin. Irin wanda ake kira diskas ne, mai faɗi zagaye kamar faifai, kifi mai ran sarauta wanda ba ya jure ruwan sanyi ko kaɗan. Digiri ashirin da tara yake so, falon kuwa iyakwandishan ba ya mutuwa a cikinsa. Su goma sha huɗu ne, tara a cikinsu a gidan aka ƙyanƙyashe su, ni da Madam muka raine su tun suna kamar ƙwayar shinkafa. Da Madam ta rasu, Dokta ya jawo kujerarta gaban tankin. Nan yake shan shayinsa kullum da safe. 'Ya'yansa duk suna ƙasar waje. Ya taɓa ce mini kifin nan su kaɗai suka rage a gidan da suka san ta.

Hita sanda ce ta gilas da ake nutsawa a ruwa. A kanta akwai ɗan murfi da ake murɗawa zuwa lambar zafin da ake so, in ruwa ya kai lambar sai ta yanke wuta da kanta. Aibinta shi ne wata rana takan maƙale ta ƙi yankewa. Wannan tsoron na kwana da shi shekara da shekaru. Shi ya sa da Mumuni ya gama karatu ya shigo aikin, ya zo da wani ɗan akwati da yake kira kwantirola, ni na fara yin murna. Ana soka filogin hita a jikin akwatin. Akwatin yana da waya mai ɗan kai da ake kira sensa, tana cikin ruwa tana jin zafi. In ruwa ya kai ashirin da tara akwatin ya yanke wa hita wuta, in ya sauka ya mayar, in abu ya baci ya aika saƙo wayar Mumuni. Ni na roƙi Dokta ya yarda a sa. Ku riƙe wannan, don daga baya an ce na ƙi akwatin saboda hassada.

Wuri ɗaya muka saɓa. Na ce murfin hita a bar shi a talatin da ɗaya, sama kaɗan da lambar akwatin, yadda in akwatin ya ruɗe hitar za ta tsayar da kanta. Mai gadi biyu ke nan, in ɗaya ya yi barci ɗaya yana ido biyu. Ita ce dokar da ka kawo mini, Bashiru. Mumuni ya ce a murɗa murfin har ƙarshe a bar wa akwatin aikin duka, domin lambobin tsofaffin hitoci ba daidai suke ba, sukan yanke da wuri, sai akwatin ya yi ta damun wayarsa da ƙarar banza. Na ce masa waɗannan hitoci na da, in ka kai murfin ƙarshe ba sa yankewa sam. Ya yi dariya ya ce:

"Yaya, kai ko jirgin sama aka ba ka sai ka ɗaura masa jaki a baya, wai ko da mai zai ƙare."

Ni ma na yi dariya, amma ban janye ba. A gaban Dokta na saita hitoci biyun da ke tankin a talatin da ɗaya, na ɗiga jan farcen mamanku a kan kowane murfi daidai lambar. Na bayyana wa Dokta maganar mai gadi biyu, ya gyaɗa kai. Mumuni ya ce, to, Yaya, yadda ka ce. Muka mayar da hitocin bayan wani kututture da ke cikin tankin, inda ido ba ya kai musu sai an leƙa.

Wata huɗu ba abin da ya faru. Sai wata Juma'a a tsakiyar damina, lokacin da garin Kumasi ke yin sanyi rana ta ƙi fitowa. Dokta ya tafi jana'iza ƙauyensu, sai Lahadi zai dawo. Na je sauya ruwa kamar kullum. In zan goge gansakuka daga gilas nakan ciro sensa in rataye ta a bakin tankin, in na gama in mayar. Ran nan famfon gidan yana zuba a hankali, aikin ya ja ni har lokacin masallaci ya matso. Na cika tankin, na mayar da filogi, na duba ma'aunin zafi na gilas da nake mannawa a gefe, ya nuna ashirin da tara cif. Na tsoma hannu, daidai. Na fita har bakin titi na dawo na duba famfo. Na sake fita na dawo na tabbatar na rufe murfin abincin kifi. Sau biyu na tsaya a gaban tankin nan, sensa tana rataye a waje tana shan iskar iyakwandishan, idona bai sauka a kanta ba. Wannan laifina ne. Ban taɓa ɗora shi a kan kowa ba, ba kuma zan fara yau ba.

Akwatin ya ji sanyin iska ya ɗauka ruwa ne ya huce. Ya ba hitoci wuta, ya ci gaba da ba su.

Da safiyar Asabar Anti Akosuwa, matar da ke kula da gidan, ta kira ni tana kuka, tana cewa da Tuwi ruwan ya yi zafi, ruwan ya yi zafi. Ban san yadda na shiga torotoro, motar haya, na sauka ba. Tun daga ƙofar falo wari ya tare ni. Gilas ya yi gumi. Ma'aunina ya haura talatin da tara. Su goma sha huɗun duk suna kwance a saman ruwa, launinsu ya koɗe kamar tsohon zane. Na zare filogi, na ga sensa a rataye inda na bar ta, na zauna a ƙasa. Amma ko a zaune kaina yana tambaya, ina mai gadi na biyu? Ko da na manta sensa, ai a talatin da ɗaya ya kamata hitoci su tsaya, kuma diskas ba ya mutuwa a talatin da ɗaya. Hita ɗaya takan maƙale, amma biyu a rana ɗaya? Na tashi na ɗage kututturen. Ɗigon jan farcen nan, a kan murfi biyun, ya bar lambarsa ya tafi can ƙarshe.

Ina tsaye a haka Mumuni ya shigo. Ya dubi kifin, ya dubi inda nake kallo. Anti Akosuwa tana waje tana neman bokiti. Da bakinsa ya gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, cewa ranar Laraba ya biyo ta gidan shi kaɗai, ya murɗa su, don saƙonni sun ishe shi. Ya ce jiya da yamma ma saƙo ya shigo cewa ruwa ya yi sanyi, ya ce a ransa akwatin zai gyara. Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya tsoma hannu cikin ruwan da kifin ke yawo a kansa, ya mayar da murfi na farko kan talatin da ɗaya, ya mayar da na biyu. Ya goge hannunsa a wando. Duk a kan idona. Na ɗauka kunya ce ta ruɗa shi, in ya nutsu zai faɗa da kansa.

Bayan La'asar Mma ta aiko a kira ni ɗakinta. Na tarar Mumuni ya riga ni, yana zaune a ƙasa kusa da ƙafarta, idanunsa jawur. A lokacin saura mako uku bikinsa, ya kuma fara samun manyan gidaje da wani otal da sunan akwatin nan. Mma ta sa na ba ta labari tun daga farko, ta saurara tana jan carbi. Da na gama Mumuni ya amsa maganar murfin a gabanta, sai ta tambaye ni ko mantuwar da na yi gaskiya ce. Na ce gaskiya ce. Ta ce:

"To ka faɗi naka ka tsaya a nan. Ban ce ka yi ƙarya ba."

Na ce Mma, in na faɗi rabi na bar rabi, ai sunana ne zai tafi, kuma sunan nan shi kaɗai na mallaka, ba ni da takarda. Ta ce ni na ci zamanina, mutane sun san ni, za su yafe mini, shi kuwa yanzu ya fara, in aka ce na'urarsa ta kashe kifi ya mutu a tsaye. Ta ce babba juji ne. Mamanku tana bakin ƙofa, ba ta iya daurewa ba, ta ce, Mma, shi ma fa yana da 'ya'ya uku. Mma ko kallonta ba ta yi ba. Ni ta kalla, ta ce:

"Isaka, ni na haife ku ku biyu. Muddin ina numfashi, kada in ji maganar murfin nan a bakinka."

Na dubi Mumuni ko zai ce a'a, Mma, bari in ɗauki nawa. Kansa yana ƙasa, yana wasa da makullin babur ɗinsa. Na ce, to, Mma.

Ranar Lahadi Dokta ya dawo da baƙin zanensa na jana'iza a kafaɗa. Mun riga mun kwashe kifin, tankin yana nan da ruwa da ciyayi, ba komai a ciki. Ya zauna a kujerar Madam. Na durƙusa na gaya masa yadda na manta sensa a waje. Bai yi faɗa ba, da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Dokta mutum ne da ba ya manta magana. Ya ce da ni cikin Tuwi, a hankali:

"Baba Isaka, kai ka ce mini masu gadi biyu ne. Na farko ka cire shi da hannunka, na ji. Ina na biyun?"

Kafin in buɗe baki Mumuni ya amsa da Turanci. Na ji abin da ya ce, don ina jin Turanci ko da ba na iya mayarwa da kyau. Ya ce hitocin tsofaffi ne, irinsu sukan maƙale, shi tun farko ya so a sauya su. Ya ɗage kututturen ya nuna wa Dokta jan ɗigon yana zaune a kan lambarsa. Dokta ya juyo gare ni ya ce, haka ne? Na ce:

"Sukan maƙale."

Kalma biyu. Gaskiya ce a ko'ina cikin duniya ban da falon nan a ranar nan. Mma ta ce ba ta sa ni ƙarya ba, amma ni na san abin da na yi. Na yi istigfari a kan kalmomin nan fiye da yadda na yi a kan duk sauran zunubaina a haɗe.

Dokta ya miƙo hannu, na ciro makullin gidansa da Madam ta ba ni da kanta, na sa masa a tafi. Ya ce matarsa ta yarda da hannuna fiye da na kowa. Bai sake zuba kifi a tankin ba, na ji an ce daga baya ya bayar da shi.

Kafin bikin Mumuni labari ya gama Zango. Masu shayi suka sa mini suna Baba Nkrakra, wato mai romon kifi, ku ma kun ji an kira ku da shi a makaranta. Gidajen da nake yi wa aiki masu kuɗi ne da suka san juna, ɗaya bayan ɗaya suka ce in dakata tukuna. Yawancinsu wajen Mumuni suka koma, domin abin da aka fahimta daga labarin shi ne hannun tsoho yana mantuwa, na'ura ba ta yi. Da labarina ya sayar da akwatunansa. A bikinsa ni na tsaya a matsayin uba, na karɓi gaisuwar baƙi, ana yi mini barka ana kallona ta gefen ido. Bayan wata shida ba ni da gida ko ɗaya. Shekarun da kuka gan ni ina wanke kwanuka a rumfar waakye, wato shinkafa da wake, ta mamanku, kuna jin kunyar abokanku su biyo ta layin, daga nan suka fito. Mamanku ta sani, ta kuma riƙe bakinta saboda ni, ko da yake har yau ba ta daina ce mini na sayar da 'ya'yana don in sayi albarkar uwa ba. Wata rana nakan ga ta yi gaskiya.

Ba zan zalunci Mumuni ba. Bai taɓa barin Mma ta nemi magani ta rasa ba, ya kai ta Makka, ya ɗauki Bashiru aiki ba tare da na roƙa ba. In an yi Sallah yakan aiko mana da cinyar sa. Na ci naman, don haramta halal ba nawa ba ne, amma bai taɓa wuce mini wuya da daɗi ba. Na yi ta jira. Na ce in ya kafu zai je wajen Dokta. Ya kafu, ya buɗe shago, ya buɗe na biyu. Dokta ya rasu shekara biyu da suka wuce yana ɗauke da abin da na gaya masa. Na je jana'izar na tsaya can baya, ban iya shiga layin gaisuwa ba. Mma kuwa, na yi jinyarta wata bakwai, ina juya ta ina ba ta koko a cokali, kullum ina cewa yau za ta tayar da maganar. Ta yi mini addu'a mai yawa. Maganar murfi ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba.

Kwana uku bayan addu'ar arba'in na sa rigata mai kyau na tafi shagon Mumuni. Ya tarbe ni da fara'a, ya shigar da ni ofis, ya ciro mini lemo mai sanyi daga firji. Na ce masa abu ɗaya na zo nema. Ba na son gida, ba na son aiki, na tsufa. Ina so ya zo gidana ranar Juma'a, ya zauna a gaban 'ya'yana uku ya faɗi abin da ya yi ranar Laraban nan da safiyar Asabar ɗin nan. A cikin ɗaki, mu kaɗai, ba sai Zango ta ji ba. Ya dube ni da mamaki na gaske, ya ce:

"Yaya, har yanzu kifin nan? Kifi ne fa, ba mutum ba."

Na ce ba kifi na zo nema ba. Ya jingina da kujera yana shafa gemu kamar mai lalube a cikin kansa. Sannan ya ce shekaru sun yi yawa, shi abin da ya tuna shi ne sensa a waje, batun murfi kuwa wallahi ba zai iya rantsewa ba, mai yiwuwa tashin hankalin ranar ne ya haɗa mini abubuwa. Ya ce in bar wa Allah, Mma ma ba za ta so a tono ba. Wayarsa ta yi ƙara, ya ce in yi haƙuri minti ɗaya. Na zauna ina jin yana yi wa wani bayanin farashin tanki. Da na ga minti ɗayan ya zama goma, na tashi. Ya ɗaga mini hannu yana murmushi, wayar tana kunnensa.

A hanya na yi ta tambayar kaina ko da gaske ya manta. Na kai gida ban samu amsa ba, ban kuma san wanne ya fi ciwo ba. Har na fara tuhumar kaina, ko ni ne na ruɗe, sai da mamanku ta ce ai tana bakin ƙofa ranar da ya amsa a gaban Mma, in daina wannan haukan.

Ba ni da shaida sai ita, kuma za a ce matata ce. Mma ta tafi, Dokta ya tafi. Ku kuka rage, shi ya sa na rubuta. Ban ce ku daina gaishe shi ba, ƙanen ubanku ne, haƙƙinsa yana kanku. Ban ce kowa ya bar aikinsa ba. Kada kuma ku kai masa takardar nan, na riga na ji amsarsa.

Malamin da na fara tambaya ya ce in rufe babin da cewa na yafe, don in samu lada cikakke. Na gwada. Na rubuta, na karanta, na soke, domin na taɓa faɗin kalma biyu da ba haka suke a zuciyata ba, na ga abin da suka ci mini. Ban yafe ba tukuna. Ku roƙa mini Allah Ya ba ni iko kafin a ɗauke ni. In kuwa aka ɗauke ni ban kai ba, ranar jana'izata in Mumuni ya tambaye ku ko na bar masa saƙo, kada ku ƙirƙiro masa mai daɗi.